Bin Malamai a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun: Tarihin Wata Al'ada

A zamanin da, idan baƙon malami ya sauka a wani gari na ƙasar Zamfara, aka ba shi masauki, aka kai masa ruwa da fura ya kashe ƙishirwar hanya, to, malaman garin da za su zo gaishe shi bayan sallar La'asar ba su damu da yawan littattafan da ke cikin gafakarsa ba, ba su kuma ƙirga almajiran da suka rako shi. Abin da suke so su ji, bayan an ƙare gaisuwa da tambayar mutanen gida, shi ne a hannun wa ya ɗauki karatu, shi kuma wancan a hannun wa ya ɗauka, har a kai ga wani suna wanda kowa ya sallama masa. Amsar da ya bayar ita ce take nuna inda za a shimfiɗa masa buzu, da irin mas'alar da za a kawo gabansa. Na ga ya kamata a waiwayi tarihin wannan al'ada a yanzu, domin kuwa samarin malamanmu na jami'o'i da kwalejoji sun shiga wata sabuwar hulɗa ta intanet, inda mai bincike yakan bi wani mai bincike da taɓa maɓalli guda, alhali da yawa daga cikinsu ba su san cewa ƙasar da suke takawa tana da tsohuwar ƙa'ida ta bin ma'abota ilimi ba, ƙa'ida mai sharuɗɗa da ladubba, wadda aka rubuta littattafai a kanta.

Garuruwan nan uku suna jere ne a kwarin Gulbin Sakkwato, Maradun daga sama, Mafara a tsakiya, Bakura daga gangare, a cikin ƙasa mai fadama wadda ke riƙe manomi da makiyayi har tsakiyar rani. Kuma duk inda hatsi ya wadata bayan kaka, nan almajiri yake yada zango, gama karatu ba ya zaunawa inda babu abinci. Bayan da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a wajen shekarar 1764, Gobirawa suka kafa mazauninsu a Alƙalawa, sarautar Zamfara ta warwatsu, kowane gari ya koma yana ji da kansa. A cikin irin wannan hali ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya shigo Zamfara da wa'azi yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Ƙanensa Malam Abdullahi ya faɗa a cikin Tazyinul Waraƙati cewa sun yi kimanin shekara biyar a wannan ƙasa, kuma ɗaya daga cikin wuraren da suka daɗe a ciki shi ne Faru, wadda a yau take cikin ƙasar Maradun.

Masu ba da labarin waɗannan shekaru sukan tsaya ne ga yawan jama'ar da ta riƙa taruwa, maza da mata, don sauraron wa'azin Shehu. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa a daidai lokacin da dubban mutane suke binsa, shi ma bai daina bin waɗansu ba. Malam Abdullahi, a cikin littafin da ya rubuta a 1812 mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya jero shaihunan da shi da yayansa suka ɗauki ilimi a wurinsu, ya ambaci wani malami da ake kira Hashimu Bazamfare, wanda Shehu ya zauna a gabansa ya saurari tafsirin Alƙur'ani tun daga Fatiha har zuwa ƙarshe. Ya kuma ambaci ɗan'uwansu Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wanda a wajen 1786 Shehu ya karanta Sahihul Bukhari gaba ɗaya a hannunsa, Abdullahi yana gefe yana saurare, sa'an nan da aka sauke littafin ya ba su ijaza ta dukan abin da shi ma ya karɓo daga shaihinsa Abul Hasan as-Sindi, mutumin ƙasar Sindi, wadda a yau take cikin Pakistan, wanda ya yi zamansa a Madina yana karantar da Hadisi. Mai karatu ya dubi nisan wannan igiya: mutumin bakin kogin Sindi ya karantar a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, alhaji daga ƙasar Hausa ya ƙetare hamada ya zauna a gabansa, ya dawo gida da amanar da aka ɗora masa, ya miƙa ta ga wani mai wa'azi wanda a lokacin sunansa ya riga ya cika Gobir da Kabi da Zamfara, wanda kuma duk da haka bai ga cewa ya wuce durƙusawa gaban wanda ya fi shi sanin fannin ba.

Ijaza izni ne da malami yake bai wa almajiri ya ruwaito littafi ko ya karantar da shi da sunansa, kuma a cikinta ake jera isnadi, watau sunayen waɗanda littafin ya biyo ta hannunsu, wane daga wane, har zuwa ga mawallafin. Malaman Hadisi sun bambanta darajojin ɗaukar ilimi: akwai wanda ya ji daga bakin shaihi, akwai wanda ya karanta shaihi yana saurare yana gyara masa, akwai kuma wanda aka yi wa izni kurum ba tare da ya karanta ba, kuma sun fi girmama isnadin da mutanensa suka yi kaɗan, domin gwargwadon ƙarancin hannuwan da magana ta ratsa, gwargwadon ƙarancin kuskuren da zai shige ta. Saboda neman irin wannan gajeren isnadi ne mutum yakan bar malamin unguwarsu ya yi tafiyar wata da watanni zuwa wurin wani tsoho wanda ya riski magabata. Malam Jibrin ɗan Umar, babban malamin Shehu, ya yi aikin Hajji, ya sadu a Alƙahira da Murtada az-Zabidi, mai ƙamus ɗin nan Tajul Arus, wanda ya rasu a 1791, ya karɓi ijaza daga gare shi, ta kuma gangaro zuwa ga Shehu. Shi kuwa Shehu ya tattara silsilolinsa a cikin littafin Asanidul Faƙir, don kada wanda zai zo daga baya ya rasa sanin ta inda ruwan ya biyo.

Bin malami a wancan zamani ba a kan littafi kaɗai ya tsaya ba. An ruwaito cewa Shehu ya lizimci ɗan'uwan mahaifansa Usmanu Binduri kusan shekara biyu, yana koyi da halayensa, da yadda yake umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna, har ya ɗauki ɗabi'arsa. Ya kuma bi Malam Jibrin har Agadas, ya zauna da shi kimanin shekara guda, da malamin ya ɗaura niyyar Hajji sai ya komo gida, saboda mahaifinsa bai yi masa iznin wucewa ba. Duk da wannan ƙauna, da Malam Jibrin ya tsananta a kan mas'alar kafirta Musulmi saboda aikata manyan zunubai, Shehu bai bi shi a kai ba. Ya rubuta saɓaninsa a fili a cikin Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, ya kawo hujjojin Ahlus Sunna, bai kuma rage ko ƙwayar zarra daga girman malaminsa ba. A ganina nan ne al'adar ta kai ƙololuwarta, gama almajirin da ba ya iya saɓa wa malaminsa da hujja bai gama karɓar abin da aka ba shi ba, wanda kuma ya saɓa masa da raini ya zubar da abin da ya karɓa. Haka kuma a cikin wannan zagaye na Zamfara ne wani malami Babarbare, Mustafa Gwani, ya zo musu da waƙar Larabci yana sukar yadda mata suke halartar majalisin wa'azi tare da maza, Shehu ya umurci Abdullahi ya mayar masa da jawabi, ya kuwa mayar a waƙe, yana kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni. Malaman lokacin suna bibiyar maganar juna ƙwarai, kuma wanda ya yi suka yakan sa sunansa a kai.

Da labarin wannan jama'a ya isa ga Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, sai ya tara malaman ƙasarsa a Magami da Babbar Salla, a wajen 1788, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi a maimakonta a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Biyu na farkon waɗannan buƙatu, idan aka lura, 'yancin bin malami ne aka nema daga hannun sarauta.

Wanda yake son ganin yadda ake wannan bi a aikace, ya je zauren wani malamin ilimi a Mafara ko Bakura bayan sallar Asuba, gama tsarin bai sauya ƙwarai ba. Malam yana zaune bisa buzu ya jingina da bango, almajirai sun kewaye shi a kan tabarmi, a cikinsu akwai saurayi mai ɗan gemu da kuma dattijo mai furfura wanda ya rufe rumfarsa ta kasuwa ya zo, kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya jiya. Wanda layi ya zo kansa sai ya matso, ya gyara zama, ya ce, “Allah ya gafarta Malam,” ya karanta gaɓa ɗaya ta Larabci, Malam ya fassara ta da Hausa, almajiri ya ce na'am, ya ƙara wata gaɓar. In ya karya wasali Malam ya tsayar da shi ya tambaye shi dalilin rufu'a ko nasaba a wurin, in kuwa mas'alar mai wuya ce sai ya ɗaga kai ya ce haka ya ji ta daga malaminsa wane, Allah ya jiƙansa, jama'a su amsa da amin. Mai Ahalari yana jin karatun mai Risala, mai Risala yana jin na mai Askari da Muhtasar, har ya zama kafin mutum ya buɗe littafi ya riga ya ji shi sau da yawa a bakin na gaba da shi. Kuma idan almajiri ya sauke abin da Malam ya ƙware a kai, malamin kirki da kansa yake ce masa ya tafi gari kaza wurin wane ya karanta Alfiyya ko Muƙama, domin ya fi shi a nan. Da irin wannan turawa ne almajirai suka san hanyar Sakkwato da Gwandu, da Zariya wadda ta yi suna a nahawu da lugga, da Kano, da kuma Gabas, watau Barno, inda masu neman haddar Alƙur'ani suke dosa da rani.

Jihadi ya jarrabi wannan silsila jarrabawa mai tsanani. Bayan hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, da nasarar Tabkin Kwatto, sai aka yi yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda jama'ar Shehu ta yi hasarar kimanin mutum 2,000, waɗanda aka ce wajen 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuwa ƙofa ce da ta rufe, tare da dukan waɗanda da za su ɗauka daga gare shi. Zamfara ce jama'ar ta komo a 1805, ta zauna a Sabon Gari tana neman abinci da mafaka, kafin ta wuce Gwandu, kuma sanayyar da aka ƙulla a shekarun wa'azi tana daga cikin abin da ya buɗe mata wannan ƙofa, ko da yake daga baya yunwa da ƙwacen abinci sun ɓata tsakaninta da Zamfarawa da yawa. Ina ganin ba banza ba ne Malam Abdullahi ya zauna ya rubuta sunayen malamansa a 1812, bayan ya ga yadda takobi da annoba suke ɗauke ma'abota sani. Wanda ya ga rijiyoyi suna ƙafewa shi ne yake rubuta inda aka haƙa su.

Daga cikin waɗanda suka riƙe wannan gado a ƙasar Mafara akwai Malam Muhammadu Tukur, sahabin Shehu, sufi mai waƙa da wallafa, wanda ya zauna a Matuzgi, ya bar littattafai irin su Ƙira'ul Ahibba'i a kan asirin sunayen Allah da neman waraka da su. Bai nemi sarauta ba, bai kuma tare a fadar Sakkwato ba, amma littattafansa sun yi tafiya, domin hanyar yaɗuwar ilimi a lokacin ita ce kwafa: almajiri ya ari littafi, ya fere alƙalamin gamba, ya dama tawada, ya kwafe shi a kan takardar nan mai tambarin wata uku da fatake suke kawowa daga ƙasar Italiya ta hanyar Tarabulus, ya rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin kowane shafi don kada warƙoƙin su rikice, sa'an nan a ƙarshe ya sa sunansa ya roƙi gafara ga kansa da iyayensa da malamansa. Ta haka, da wasiƙu, da bakin alhazai da fatake, malamin Matuzgi yake jin abin da malamin Gwandu ya wallafa. Mata ma an buɗe musu tasu hanya, gama Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jaji take jagorantar matan ƙauye zuwa wurinta su karɓi karatu a waƙe su komar da shi gida.

Ba na so in nuna kamar al'adar ba ta da aibi. An sami masu tara ijaza don neman albarka ko neman suna ba tare da sun karanta littafin ba. An sami malaman da suka mai da almajiri bawan gona, ya shekara yana noma da ɗebo ruwa bai wuce babi biyu ba. An sami masu rowar ilimi, waɗanda suka ɓoye littafi har gara ta cinye shi. Kuma Shehu da kansa ya yi kakkausar magana a kan malaman da yake kira ulama'us su'i, masu sayar da fatawa a ƙofar sarakuna. Silsila takan kuma zama katanga, ta yadda ɗan talakan da ba shi da mai gabatar da shi zai daɗe a bakin zaure. Waɗannan duka gaskiya ne, kuma su ne suka sa, bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 suka kawo makaranta mai aji da jarrabawa da takardar shaida, mutane da yawa suka ga sauƙi a cikin sabon tsarin, inda hukuma ce take shaidar ɗalibi a maimakon mutum guda.

Yau Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, Bakura tana da Kwalejin Aikin Gona, kuma malaman waɗannan makarantu suna da abin da Alhaji Muhammadu ɗan Raji bai samu ba sai da ya ƙetare hamada. Dandalin ResearchGate da na Academia.edu, waɗanda aka buɗe su duka biyu a 2008, suna ba mai bincike dama ya bi wani masani a ko'ina yake a duniya, a sanar da shi duk lokacin da ya fitar da sabuwar maƙala, ya roƙe shi kwafi, ya yi masa tambaya. Malamin da yake nazarin ƙasar noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama ginawa a 1978, yana iya karanta abin da masanan Indiya ko Masar suka gano game da gishirin da ban ruwa yake tarawa a gona, a ranar da suka buga shi. Wannan ni'ima ce babba, kuma duk wanda ya san wahalar neman mujallar ilimi a ɗakunan karatunmu ba zai raina ta ba.

Sai dai akwai bambanci guda wanda ya kamata a gane. Littafin Malam Abdullahi yana lissafa waɗanda suke sama da shi ne, waɗanda ya durƙusa a gabansu. Shafin mai bincike na yau kuwa yana lissafa waɗanda suke binsa, da yawan waɗanda suka buɗe maƙalarsa, da yawan waɗanda suka ambace ta, kuma a kan irin waɗannan alƙaluma ake gasa, har waɗansu suna biyan kuɗi ga mujallun da ba su tace komai don adadin ya ƙaru kafin lokacin ƙarin girma. Wanda ake bi bai san mai binsa ba, bai ji karatunsa ba, bai ɗauki nauyin kuskurensa ba. Alhali mai ba da ijaza ta gaskiya ya sa mutuncinsa ne a kan almajirin, in ya yi ɓarna a fatawa sunan malamin za a fara kira. Magajin isnadi a ilimin zamani, in an duba da kyau, yana cikin ambaton madogara, inda marubuci yake faɗin daga wa ya ɗauko kowace magana, da kuma sa hannun malamin da ya duba kundin digiri shafi bayan shafi. Kuma a waɗannan wurare biyu ne nake ganin sakaci ya fi yawa a tsakaninmu, inda ɗalibi yakan kwashe aikin wani bai ambace shi ba, malami kuma ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba.

A shekarar 2021 ƙasar nan ta ga an datse hanyoyin biyu, ta zaure da ta intanet, a lokaci guda. A watan Fabrairu aka sace 'yan mata daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, a watan Agusta aka auka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata, a watan Satumba kuma hukuma ta rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Almajiri ya ji tsoron hanyar Maradun, malamin kwaleji kuma ya rasa intanet. Layukan waya sun dawo daga baya, amma tafiya ƙauye neman karatu ba ta koma yadda take ba, kuma wannan ya fi shafar tsohuwar silsila, domin ita a ƙirjin mutane take. Malaman ƙarni na 19 sun sami masu rubuta su: Mervyn Hiskett ya buga Ida'un Nusukhi da fassararsa a 1957, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya tara rubuce-rubucen magabata a Sakkwato, John Hunwick kuma ya jera mawallafan wannan yanki da littattafansu a 1995. Amma malaman zaure na Mafara da Bakura da Maradun na ƙarni na 20, da waɗanda suka karantar da su, da garuruwan da suka yi ci-rani a ciki, yawancin labarinsu yana bakin tsofaffin almajiransu ne da 'yan takardun da ke cikin gafaka a ɗakunan magada, kuma mai son tattara shi dole ne ya je da ƙafarsa ya yi sallama, a yi masa iso, ya zauna ya tambaya, tun waɗannan dattawa suna da rai.